Daga Zariya Zuwa Jos a Mota: Jagora Ga Wanda Ya Zo Zama a Najeriya

Kowace shekara Zariya tana karɓar mutanen da suka ƙetaro iyaka da niyyar zama mai tsawo. Wasu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suke zuwa, wasu daga zangon Kumasi, wasu daga Garwa da Marwa, kuma akasarinsu karatu ne ya kawo su, ko a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ko a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ko a zaurukan malamai na cikin birni. Da yake da Hausarsu suke isowa, ba sa jin baƙunta sosai, kuma a nan matsalar take, domin mutum yana iya shekara biyu tsakanin Samaru da Sabon Gari yana zaton ya san Najeriya, alhali kusurwa ɗaya kawai ya gani. Shawarata ga duk wanda ya zo zama ita ce, da zarar ya daidaita masauki da takardu, ya ware kwana uku ya bi hanyar Jos. Tafiyar kusan kilomita 240 ce, amma a cikinta ƙasa tana tashi daga tsayin kimanin mita 650 a Zariya zuwa kusan mita 1,200 a Jos, kuma amfanin gona da harsuna da yanayi duk suna sauyawa a gaban idon matafiyi.

Mataki na farko: gyara takardunka

Kada ka sa ranar tafiya kafin ka tabbatar da matsayin zamanka. Ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, yana da damar zama kwana 90 ba tare da biza ba, bayan haka kuma ana buƙatar ya nemi katin zama a wurin hukumar shige da fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kuma ko da yake ECOWAS ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an yanke wata shawara, wanda ya zo daga can ya je ofishin shige da fice da ƙafarsa ya ji yadda ake ciki a halin yanzu, kada ya dogara da labarin teburin mai shayi. Ɗalibi ya riƙe katinsa na makaranta da takardar ɗaukarsa karatu, domin su ne suka fi saurin kashe doguwar tambaya a shingen bincike.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka, ka kuma buga kwafi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a wurin wanda ka bari a gida. Layin waya a Najeriya yana haɗe da lambar shaida ta NIN, wadda baƙon da ke zaune bisa doka ma yana iya samu, saboda haka ka tabbatar layinka yana aiki kafin ka fita. Idan da hali ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, don akwai wuraren da ɗaya zai ɗauke ɗaya ya kawo.

Mataki na biyu: zaɓi mota da direba

Zaɓi uku ne a gabanka, kuma ba daidai suke ba. Motar haya daga tasha ita ce mafi araha, kuma tana koya maka halin mutane fiye da kowacce, sai dai ba za ta tsaya maka ka kalli dutse ba. Idan ita ka zaɓa, ka shiga a cikin tasha inda 'yan kamasho suke rubuta sunayen fasinjoji, kada ka tare mota a bakin titi don ragin kuɗi. Tuƙa motarka da kanka yana ba ka 'yanci, amma ban ba sabon zuwa wannan shawara a karon farko ba. Abin da ya fi, a ganina, shi ne mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi shatar mota da direban da ya saba da hanyar, wanda wani amintacce ya san gidansa. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma direban da ke bin hanya kowane mako ya san inda kwalta ta fashe, da gidan man da ba a cuta a lita, da garin da bai kamata a tsaya ba a wannan makon.

Wanda ya dage sai ya tuƙa, to ya san abin da za a tambaye shi. Akwai lasin tuƙi, kuma idan na ƙasarsa ne, ya haɗa da lasin ƙasa da ƙasa. Akwai takardun mallakar mota, da shaidar lafiyarta, da inshora. Motar da ke ɗauke da lambar wata ƙasa tana buƙatar takardar izinin shigowa daga kwastan, da inshorar da ke aiki a Najeriya. A cikin but kuma dole a samu safayar taya mai iska, da jak, da abin kwance taya, da tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai ƙare ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan motar da ta lalace. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna duba waɗannan, haka ma jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna. Ƙa'idar gudu ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya irin wannan.

Kwana biyu kafin tafiya ka kai motar wurin bakanike ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da fitilu. Birki shi ne kan gaba, saboda gangaren da za ka sauko a dawowa. Ka cika tanki a Zariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi yake hawa da sauka, don haka ka yi lissafin kuɗin mai da farashin ranar, ka ƙara wani abu a kai.

Mataki na uku: sa lokaci

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba shi ne lokacin da hanyar ta fi kyau. Ruwa ya ja baya, ƙasa tana nan kore, masara da dawa sun nuna, sararin sama a washe, duwatsu suna fitowa tar daga nesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rufe duwatsun, kuma sanyin Jos da dare yana iya sauka kusa da digiri 10, wanda ba wasa ba ne ga wanda ya taso a Damagaram ko Marwa. A tsakiyar damina ƙasar tana da ban sha'awa ƙwarai, amma ruwa yana ɓoye ramuka, rafuka suna cika, kuma tafiyar awa biyar tana iya komawa bakwai.

Ka tashi bayan sallar asuba, gari na wayewa, ka ƙudurta isa Jos kafin la'asar. Tafiyar dare a wannan hanya ba ta da wani uzuri. Ka kauce wa ranakun zaɓe da kwanakin da aka ji wata tarzoma, kuma a daren da za ka tashi ka kira wani mazaunin Jos ka tambaye shi yadda gari ya kwana. Idan ya ce ka dakata, ka dakata.

Mataki na huɗu: fara kallo tun daga gida

Akwai wani ɗan aiki da nake so ka yi kafin ranar tafiya, don zai ƙara wa abin da za ka gani a Jos ma'ana. Ka shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ka je Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina asalinsa da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, a ƙarni na 19, kuma bakan gizonsa yana cikin mafi shaharar aikin maginan Hausa. Daga baya an yi sabon gini wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Ka nemi izini ka duba da kyau, ka riƙe siffar ginshiƙan a ranka. Idan ka samu wata yamma kuma, ka leƙa Wusasa ka ga Dutsen Kufena, don ka san irin dutsen ƙasar Zazzau, mai santsi, wanda ke tsaye shi kaɗai a fili, kafin ka ga na Filato, jihar da Jos take.

Mataki na biyar: hanyar kanta

Za ka fita gari ta gabas, ka wuce Dakace, ka nufi Maigana da Soba. Wannan yanki ƙasar noma ce shimfiɗaɗɗiya, ta kwarin kogin Galma da fadamunsa, inda ake noman rake da tumatir da tattasai da masara. A kaka za ka ga an shanya barkono ja wur a gefen titi da kan duwatsu, za ka ga a-kori-kura shaƙe da buhuna. A nan haɗarin ba gudu ba ne kawai: babura ɗauke da kaya, da shanu masu ƙetarawa, da yara 'yan talla suna fitowa ba zato, musamman idan ka faɗa ranar kasuwar wani gari. Ka rage gudu tun kafin ka shiga kowane ƙauye, ka sa ido kan tudun rage gudu da mutanen gari suke yi da kansu, don ba duka ke da alama ba.

Wannan hanya tana da tarihin da yawancin masu bin ta ba su sani ba. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal, ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957. Garuruwa irin su Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre duk tashoshinsa ne, kuma titin da kake kai yana bin kusan shiyyar da jirgin ya bi. Idan ka ga gari ya zauna a wurin da ba ka ga dalilin zamansa ba, sau da yawa tashar jirgi ce ta haife shi ko ta raya shi.

Daga Dutsen Wai ƙasa take fara motsi. Duwatsu suna ƙaruwa, suna matsowa kusa da titi. A Pambeguwa hanyar da ta taso daga Kaduna take haɗuwa da taka, kuma nan ne wurin da ya dace a yi tsayuwar farko: a sha shayi, a duba tayoyi, a kama ruwa, a kira gida a ce an iso nan. Daga Pambeguwa manyan motoci suna yawaita, tirela da tankar mai, don haka kada ka wuce mota a kan kwana ko a hawa, komai jinkirinta.

Tsakanin Pambeguwa da Saminaka ne, a ganina, idon matafiyi yake fara cin riba. Duwatsun Kudaru suna tasowa jere, masu duhu, gonakin masara suna kwance a gindinsu har iyakar gani. Ka ce wa direba ya sami wuri mai fili, kusa da gari ko inda mutane suke, ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, sannan ka fito ka kalla. Kada a tsaya a dajin da babu kowa, kuma kada tsayuwar ta wuce minti goma. Saminaka, hedikwatar ƙaramar hukumar Lere, tana cikin manyan kasuwannin masara na Arewa, kuma 'yan kasuwa daga nesa suke zuwa lodi. Ka tsaya ka ci abinci a nan, ka ɗan zaga. Za ka ji Hausa a bakin kowa, amma da yawan masu yin ta Kurama ne ko Gure ko Kahugu ko Amo, kowa da harshensa a gida, wasu Musulmi wasu Kirista, suna ciniki a rumfa ɗaya. Ga wanda ya zo daga inda kusan duk mai jin Hausa Musulmi ne, wannan darasi ne babba game da ƙasar da ya zo zama, kuma ya kamata ya gyara yadda yake gaisuwa da yadda yake zato: kada ya yanke wa mutum addini ko ƙabila daga jin Hausarsa.

Bayan Saminaka sai Jengre, kuma ka shiga jihar Filato. Daga nan hawa yake farawa sosai. Titi yana lanƙwasa, iska tana sanyi, itatuwa suna raguwa, sai ciyawa da tarin duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera tukwane. Za ka fara ganin gidaje da gonaki kewaye da shingen ƙerana, da ƙananan gonakin acca. Idan kai ke tuƙi, ka sauka zuwa ƙaramar giya, ka sa ido kan allurar zafin inji. Idan ta hau, ka tsaya ka bar injin ya huce, kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. Za ka shiga Jos ta Mista Ali, ka gangara Farar Gada, inda babbar kasuwar kayan gwari take.

Tun da tafiyar ta zarce nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade, wato kimanin kilomita 80, matafiyi yana da sauƙin yin ƙasaru, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka ba. Masallatai suna nan a kowane gari a bakin hanya.

Mataki na shida: shingayen bincike

Za ka haɗu da su da yawa, na 'yan sanda da sojoji da kwastan da jami'an shige da fice, kuma baƙo ya fi kowa jin faɗuwar gaba a wurin. Abin yi kaɗan ne. A rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a kashe rediyo, a ajiye waya. Ka yi gaisuwa, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, da gaskiya. Idan an tambayi ƙasarka ka faɗa, ka miƙa takarda, domin ɓoye asali shi ke mayar da ƙaramar magana babba. Kada ka ɗauki hoton shinge ko jami'i ko barikin soja. Kada ka karɓi saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba daga kowa a tasha, ko da an haɗa ka da Allah. Idan takardunka sun cika kuma aka nemi wani abu a hannunka, haƙuri da fara'a da barin direba ya yi magana sun fi gardama amfani. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Mataki na bakwai: zama a Jos

Dole in yi magana a fili a nan, don ɓoye ta cutarwa ce. Jos gari ne mai daɗin zama da mutanen kirki, amma ya sha rikice-rikice, musamman a 2001 da 2008 da 2010, kuma sun bar unguwanni a rabe, wasu Musulmi suka fi yawa, wasu Kirista. Matafiya ma abin ya taɓa shafar su: a watan Agustan 2021 an kashe matafiya a hanyar Rukuba, a watan Yunin 2025 kuma an kashe 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Zariya a yankin Mangu. Ba na kawo wannan don in tsorata kowa ko in ɗora wa wata al'umma laifi, domin kowane ɓangare ya yi asarar rayuka a Filato. Na kawo shi ne don ka ɗauki ƙa'idoji uku da muhimmanci: ka sami mai masauki ko ɗan gari da zai raka ka, kada ka bi gajeriyar hanyar da taswirar waya ta nuna maka ba tare da ka tambaye shi ba, kuma ka koma masauki kafin magariba. An hana acaɓa a cikin birnin, don haka zirga-zirga a Keke Napep ko tasi ake yi.

Washegari da safe ka fara da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 a ƙarƙashin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi. A nan ake ajiye wasu daga cikin sassaƙen yumɓu na Nok, wato na wata tsohuwar al'umma da ta zauna a wannan yanki, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Akwai tarin tukwane daga sassan ƙasar nan, akwai kuma tsofaffin kayan jirgin ƙasa. A kusa da shi akwai filin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na Najeriya da cikakken girmansu, ciki har da ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Nan ne ziyarar da ka kai cikin birni za ta yi maka rana, don za ka ga siffar aikin Babban Gwani a tsaye shi kaɗai, ba tare da sabon gini ya rufe shi ba. Ginin ƙasa yana son gyara kowace shekara, kuma ruwan Jos yana da yawa, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka tarar wani sashe ya zube.

Da rana, idan ɗan rakiyarka ya ga babu matsala, ku nufi duwatsun Shere a gabashin gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, daga inda ake hango birnin da filayen da ke kewaye da shi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki ruwa da rigar sanyi. Za ka ga tafkuna da yawa a kewayen Jos da Bukuru da Rayfield, ruwansu kwance shuɗi ko kore. Ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, suna da zurfi, gefensu yana zaftarewa, don haka kallo kawai ake yi, ba a wanka. Dutsen Riyom da magangarar ruwa ta Assop suna kudu da gari, a hanyar Akwanga, kuma sun cancanci gani, amma ka bar su sai tafiya ta biyu, ko sai mai masaukinka ya tabbatar hanyar lafiya take a wannan makon.

Wajen abinci, ka nemi gwaten acca da tuwonta, ka ci dankalin Turawa a inda ake noma shi. Tsarabar da ta dace da Zariya ita ce dankali da kabeji da karas da acca, kuma a Farar Gada za ka same su da sauƙi a kan hanyarka ta fita. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana don sayayyar bakin hanya, sauran kuma ka bar su a asusu, tun da masu POS suna ko'ina a manyan garuruwa.

Mataki na takwas: dawowa

Ka kama hanya da sassafe a rana ta uku, kamar yadda ka zo. Ka sake duba iskar tayoyi da ruwan lagireto, ka sha mai a Jos. A gangaren da ke tsakanin Mista Ali da Jengre ka bar mota a ƙaramar giya ta riƙe kanta, kada ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, don yana zafi ya daina kamawa, kuma ka bar tazara mai yawa tsakaninka da duk tirelar da ke gabanka ko bayanka. Kayan gwarin da ka saya ka sa su inda iska ke shiga, domin daga Saminaka zafi zai fara dawowa. A Pambeguwa ka kula da mararraba, ka ɗauki hannun Zariya, don ɗaya hannun Kaduna ya nufa. Idan ka isa gida ka kira mai masaukinka na Jos ka shaida masa ka sauka lafiya, ka ajiye lambar direban idan ka ji daɗin tuƙinsa, sannan ka rubuta abin da ka kashe na mai da abinci da masauki tun kana tunawa, don wanda zai zo bayanka daga garinku ya sami abin da zai yi lissafi da shi.